Ɗan bayan da ba a tarewa

A ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa ana tsere da ita, akwai tsohuwar dabarar kai hari da ake kira zaɓi. Tushenta lissafi ne. Masu hari kan bar ɗan baya guda da gangan, ba wanda zai tare shi. Kwatabak, mai jan ragamar hari, sai ya cusa ƙwallo a ƙirjin abokinsa da ya taho a guje, amma bai saki ba, idonsa na kan kafaɗun wancan da aka bari. In ya afka wa mai gudu, kwatabak ya zare abarsa ya bi gefe. In wani ya taso masa a can, ya wulla wa na uku da ke biye. Ɗan bayan nan, gaba kura baya sayaki.

Don Faurot na Jami'ar Missouri ne ya fara ta a 1941. Jami'ar Texas ta fito da nata salon a 1968, Oklahoma ta ci kambun ƙasa sau uku da shi a hannun Barry Switzer, Nebraska kuwa ta lallasa Florida 62 da 24 a Janairun 1996. Amma tun da koci Paul Johnson ya ajiye aiki a Georgia Tech ƙarshen 2018, manyan jami'o'i suka juya mata baya.

A ganina kasuwa ce ta kore ta. Yaro mai baiwa burinsa NFL, gasar ƙwararru, kuma masu farautar 'yan wasa jifa suke son gani. Wa zai yarda ya shekara huɗu yana shan duka, da ƙyar yake jifa goma a wasa? Ga shi tun 2021 an halatta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla, sauya makaranta ma ya zama kamar sauya riga. Zaɓi kuwa sai da maimaici, sai hannun wannan ya san cikin wancan. Sannan dokar 2022 ta taƙaita tare mutum daga ƙugu zuwa ƙasa, wanda da shi ne ƙaramin ɗan wasa ke kayar da ƙato.

Shi ya sa ta koma barikin soja. Makarantun hafsoshi na West Point, Annapolis da Colorado Springs ba sa samun ƙatti, ba sa sayen kowa, amma mutanensu na zama. A 2018 West Point ta je gidan Oklahoma ta riƙe ƙwallo fiye da minti arba'in cikin sittin, sai a ƙarin lokaci aka ci ta 28 da 21. Bayan sabuwar dokar, kocinta Jeff Monken ya gwada sauya salo a 2023, abin bai yi armashi ba, ya koma gidan jiya. Shekarar da ta biyo ya ci wasa 12 da kofin rukuninsa. Yanzu da kowa ke tarkata sabuwar ƙungiya duk shekara, zaman nan ya zama jari.

Masu cewa zaɓi ya mutu, tufafinsa suke kallo. Lissafin yana nan a kusan kowace ƙungiya. Koci Rich Rodriguez ya ja kwatabak baya da 'yan taku, ya baza 'yan wasa a faɗin fili, aka ci gaba da karanta mutum guda. Daga baya aka musanya wullawa gefe da gajeren jifa gaba, yaro ya samu abin nuna wa NFL. Jamey Chadwell ya haɗa tsoho da sabo a Liberty, ya ci wasa 13 a 2023.

Wannan sabon salo na gajeren jifa gaba ya rataya ne a kan yadi uku. A jami'a, ƙattin layin gaba na iya kutsawa yadi uku kafin a yi jifa, a NFL yadi ɗaya kacal. Tazarar ce ke sa ɗan baya ya zaci gudu za a yi. A 2015 an kawo shawarar rage ta zuwa yadi ɗaya, kociyoyi suka yi ca, aka jingine maganar.