Wace Hausa Ce "Hausar Sudan"?

Idan ka ce wa mutumin Sikotilan Turancinsa na Ingila ne, ka taɓa shi inda yake masa ciwo. In kuma ka ce na Birtaniya ne, ba ka faɗi kome ba, gama mutumin Gilasgo da na Landan sarki ɗaya gare su, amma bakinsu ya sha bamban.

Irin wannan ragon azanci muke yi sa'ad da muka ji maganar 'yan'uwanmu na Aljirif, a bakin kogin Nilu cikin Kartum, ko na Omdurman, muka ce "Hausar Sudan ce." Kakanninsu ba daga gari ɗaya suka taso ba. Waɗansu alhazai ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Waɗansu sun bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903. Waɗansu kuwa noman audugar Jazira ne ya riƙe su, bayan an buɗe aikin a 1925. Kowa da bakin garinsu ya zo. Basakkwace yakan ce zamna, hwari, biyat, inda Bakano zai ce zauna, fari, biyar. Hamada ba ta goge wannan daga harshen mutum. Larabci ne ya zo daga baya ya lulluɓe su duka, shi kuwa baƙo mayafin kaɗai yake ji.

A ganina masanin harshe Al-Amin Abu-Manga ya fi mu lura. Littafinsa na 1999 a kan yadda harshen yake sajewa da Larabci, ma'anar sunansa "Hausa cikin Sudan," ba "Hausar Sudan" ba.

Amma ƙorafina ya fi yawa a kan abin da muke aunawa da shi. Hausar littattafai da ta rediyo, har da wadda muke karantawa a majami'a, bisa Kananci aka gina ta. Ba laifi, dole a rubuta wani abu. Laifin shi ne mun cire mata sunan Kano muka kira ta "Hausa" kawai, kamar yadda Ingila take shanye sunan Birtaniya. Daga nan sai maganar Bakatsine ta zama ta ƙauye, ta ɗan Aljirif kuma ta zama gurɓatacciya.

Suna na taro ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a Sudan. Can an daɗe ana haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare a ce musu Fallata, sunan da sau da yawa yake nufin baƙo, ko da an haifi kakan mutum a ƙasar. A watan Yuli na 2022 an zub da jini a jihar Bulu Nayil a kan ko Hausawa suna da hakkin sarauta da ƙasa. Mutanen da aka ce musu baƙi a can, su ne muke ce wa Hausarsu ba ta nuna ba a nan.