Gwanin da ke koya wa kwamfuta cewa "a'a"

Duk ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, kuɗin shanu da albasa da hatsi suna bi ta waya da na'urar POS. A Araba, bakin iyakarmu da Birnin Ƙonni, takardun fiton kaya da bayanan abokan ciniki suna kwance cikin kwamfutocin shaguna, kuma sau da yawa kwamfuta ɗaya hannu biyar ke taɓa ta: maigida, yaran shago, da ɗan'uwan da ya zo taya aiki. A irin wannan wuri ne ake gane gwanin saita kwamfuta.

Mai gyara na gama-gari zai ce maka, "Alhaji, a sa kalmar sirri mai ƙarfi," ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Gwani ya san nasiha ba ta tsare ƙofa. Shi na'urar yake umarta ta ƙi karɓar duk kalmar da ba ta kai ba, kamar jami'in shingen iyaka da ba ya ɗaga sanda sai takarda ta cika.

Dubi yadda yake yi. Idan Linux ce, sai ya buɗe fayil ɗin pwquality.conf, ya ɗaga mafi ƙarancin tsawo zuwa haruffa 12 ko fiye, ya hana kalmar da ta ƙunshi sunan mai ita ko ta yi kama da tsohuwar. Idan Windows ce, sai ya shiga Local Security Policy ya kunna dokar haɗa manyan haruffa da ƙanana da lambobi ko alamomi, ya sa a kulle asusu idan an yi ta kuskure a jere. Yaro ya rubuta 123456, kwamfuta ta ƙi. Ya gwada sunansa da shekarar haihuwa, ta sake ƙi.

Inda ya fi burge ni shi ne sanin gida. Ƙamus ɗin da na'urar ke dubawa yawanci na Turanci ne, bai san mutanenmu ba. Don haka gwani da hannunsa yake ƙara kalmomin da ya san za a fara kawowa: Bismillah, Sakkwato, Illela, Araba, sunan shago. Kuma yana ɗora dokar har kan asusun maigida, domin shi ne mabuɗin komai.

Ba tsanani ba ne, lissafi ne. Lambobi 4 hanyoyi 10,000 kawai gare su. Ƙananan haruffa 8 na Turanci sun haura biliyan 200, kuma kowane harafi da aka ƙara yana ninka wahalar ɓarawo sau 26. Da aka yi wa kamfanin RockYou kutse a 2009, kalmomin sirri kusan miliyan 32 suka fita, kuma 123456 ce kan gaba. Shi ya sa a 2017 hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a fifita tsawo, a tace kalmomin da suka taɓa fallasa, a daina tilasta canji ba dalili. Gwani ya san idan ka matsa wa mutum, a takarda zai rubuta ya manna jikin allo.

Mai shago, idan ka sami irin wannan ma'aikaci, ka riƙe shi da kyau, ka biya shi haƙƙinsa. Ran da kwamfutarka ta ƙi kalmarka, kada ka ce a cire dokar. Dukiyarka take tsarewa.