Keken Guragu Ƙirar Kano: Inda Yake Kaiwa da Inda Yake Cijewa

A cikin abubuwan da masu walda suke ƙerawa a Kano, ban ga wanda ya kai keken guragu tausayi da basira ba. Na daɗe ina hawansa, domin shan inna ya taɓa ni tun ina yaro. Taya uku ne, biyu a baya ɗaya a gaba, fedar kuma an ɗauke ta an kawo daidai ƙirji, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba. Hannun da yake murzawa shi ne yake juya kan keken.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu baƙon ƙarfe a jikinsa. Taya, sarƙa da birki duk na keke ne, don haka kowane mai faci a bakin titi likitansa ne. Keken asibiti da ake kawowa daga Turai kuwa, ƙananan tayoyinsa na gaba ko tsakuwa suka taka sai su tsaya, in kuma suka karye sai dai jingina. Mutane irin su Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shi ma shan inna ya taɓa, sun cancanci jinjina saboda koya wa guragu ƙera abin hawansu da kansu. Da wannan keke nake fita bayan gari da la'asar, in bi hanyar gona, in ga dawa ta fitar da kai.

Sai dai a wajen gari ne rauninsa yake bayyana, ko wane ne ya ƙera. Nauyin mutum yana kan tayoyin baya, ƙarfi kuma yana tayar gaba, shi ya sa a kan tudu ko cikin rairayi take ta juyawa a wuri ɗaya. Giya ɗaya ce, kafaɗa ke biyan bashin. Ina tuna 'yan uwanmu Hausawan Gadarif ta Sudan, inda baƙar laka take riƙe ko da mota da damina: siririyar taya ba ta da ta cewa a can. Keken kuma ba ya naɗewa, balle ya shiga A Daidaita Sahu.

Wani laifin ba na keken ba ne. Dutsen Dala matakala ce tun daga ƙasa, mu namu kallo daga gindi. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika a 2024.

Ga masu walda, roƙona a gwada taya mai faɗi da giyar hawan tudu. Masu kula da wuraren shaƙatawa kuma su daɓe mana hanya mai faɗin da keke zai wuce, su gayyaci mai keken ya gwada ta kafin a buɗe.