Suna Linzami: Tsokaci Kan Rahoton ABC da Shari'ar Naman Shanu a Amurka

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba yadda zaɓen kalma a labarin abinci kan kai ɗan jarida gaban alƙali. Misalin da aka ɗauka shi ne rahotannin da gidan talabijin na ABC a Amurka ya watsa a watan Maris na 2012 a kan wani nama da kamfanin Beef Products yake sarrafawa.

Abu ɗaya, suna biyu

Kamfanin yakan tattara guntattakin naman da suka rage bayan an gama fawa, ya ɗumama su, ya raba su da kitse, ya sa musu sinadarin amoniya don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a gauraya da niƙaƙƙen nama. Sunan da kamfanin ya ba shi yana nufin "naman shanu marar kitse, mai laushi". ABC kuwa ta riƙa kiransa "pink slime", wato abu mai yauƙi, ruwan hoda. Wani masanin ƙwayoyin cuta na Ma'aikatar Noma ta Amurka, Gerald Zirnstein, shi ya ƙago wannan laƙabi a 2002.

Idan aka lura, sunayen biyu duk sun ɗauki ɓangare. Na kamfani ya ɓoye amoniya da asalin guntattakin, na ABC kuma ya cusa ƙyama tun kafin a kawo hujja. A nan raunin rahoton yake. Ya yi daidai da ya sanar da masu saye abin da ba a rubuta a jikin kunshin nama ba, domin wannan haƙƙinsu ne. Amma maimaita laƙabin ya sa mai kallo ya ɗauka naman yana cutarwa, alhali hukuma ta amince a ci shi.

Matsayin doka

Da ciniki ya faɗi, kamfanin ya rufe uku daga masana'antunsa huɗu, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. A Satumbar 2012 ya kai ƙara a jihar Dakota ta Kudu. Diyyar da ya nema ta kai dala biliyan 1.9, kuma dokar jihar kan ɓata sunan kayan abinci tana ba da damar ninka ta sau uku. An sasanta a Yunin 2017 ana tsakiyar shari'a. Disney, mai mallakar ABC, ya bayyana biyan dala miliyan 177, ABC kuma ba ta janye rahotonta ba.

Jihohin Amurka 13 ne suke da irin wannan doka. Masu kiwon shanu na Texas sun yi ƙarar Oprah Winfrey da ita, suka sha kaye a 1998. Illar dokar ita ce tsoro: ƙaramar jarida ba ta da kuɗin lauya na shekara biyar, sai ta gwammace ta yi shiru ko da gaskiyarta.

Kammalawa

Darasin ɗalibin harshe, musamman mai fassara labarai, shi ne ya bambanta siffantawa da yanke hukunci. Ya faɗi abin da aka sa a abinci da yadda aka sarrafa shi, ya jingina laƙabi ga wanda ya ƙago shi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.