Binciken Cunkoson Intanet da Layin da Ya Ƙare a Zurmi

Ilimin daidaita cunkoso a intanet ya samo asali ne daga wata matsala da aka auna da ido. A watan Oktoba na 1986, saurin layin da ya haɗa ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke kusa da shi ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal, domin kowace kwamfuta da ta ga saƙonta ya ɓace sai ta sake turo shi nan take, ta ƙara wa layin nauyi. Maganin da Van Jacobson ya wallafa a 1988 shi ne mai turawa ya riƙa ƙara yawan ƙunshin bayanai sannu a hankali, wato gutsattsarin da ake yanka saƙo kafin a aika, idan kuma ɗaya ya ɓace ya ɗauka hanya ta cika ya rage rabi. A kan wannan ƙa'ida aka gyara tsarin TCP da kusan kowace waya ke amfani da shi a yau.

Daga baya hankalin masu bincike ya karkata zuwa inda kuɗi yake. Cikin sababbin tsare-tsaren daidaita cunkoso, CUBIC, wanda Linux ta ɗauka a 2006, an yi shi ne domin layuka masu faɗi da nisa, DCTCP na 2010 domin manyan rumbunan bayanai, BBR kuma Google ce ta fito da shi a 2016. Babu laifi a cikin wannan. Abin damuwa shi ne ɗabi'ar da ta yaɗu a kundayen digiri na sassan ilimin kwamfuta a ƙasar nan, inda ɗalibi zai buɗe manhajar kwaikwayo irin ns-2 ko ns-3, ya kwafo alƙaluman layi daga takardar da aka rubuta a Amurka ko Sin, ya gwada tsari biyu ko uku, ya zana jadawali, ya kammala ba tare da ya auna ko da layi ɗaya na gaske ba. Kwaikwayo kayan aiki ne mai daraja, amma abin da aka zuba masa shi yake mayarwa.

Layin da ke kai sabis Moriki, Zurmi da Shinkafi a jihar Zamfara bai yi kama da waɗancan alƙaluma ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin MainOne da Glo-1, waɗanda suka fara aiki a 2010, a Legas suke sauka, saboda haka saƙo yakan yi doguwar tafiya kafin ya iso turken sadarwa da ke dogaro da janareta, a yankin da kai man dizal kansa ke da haɗari. A irin wannan layi, jinkiri ko ɓacewar ƙunshi ba lallai ne ya nuna cunkoso ba. Yana iya zama raunin sigina ko ɗaukewar wuta. Akwai kuma matsalar da Jim Gettys ya jawo hankali a kanta a 2010, ta na'urorin da ke tara ƙunshi a dogon layin jira maimakon su zubar, har mai turawa ya kasa gane hanya ta cika. Sakamakon yana bayyana a rumfar mai POS ranar cin kasuwar Shinkafi: waya na nuna sabis a cike, na'ura na ta juyawa, mai sayar da hatsi ya riƙe buhunsa, mai saye kuma na rantsuwa an cire masa kuɗi. Wane kaso na wannan jinkiri ne daga turke, wane ne daga banki, tambaya ce ta bincike, kuma amsarta awo take buƙata.

Wani reshe na wannan ilimi ya fi kusa da halin yankin, wato tsarin sadarwa mai jure yankewa da Kevin Fall ya bayyana a 2003, wanda ke adana saƙo a kowane zango har hanya ta buɗe, kamar yadda ake ajiye saƙo a tasha sai mota ta samu. A Indiya an gwada makamancinsa a shirin DakNet, inda motocin safa ke kwashe bayanai daga ƙauyuka. Jama'ar da ta ga an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda tsaro ta san yadda ciniki, karatu da aikin asibiti ke tsayawa idan komai ya rataya a kan haɗi na nan take, ko da yake yankewar yau da kullum, wadda babu hukumar da ta ba da umarninta, ita ta fi cancantar nazari.

Za a ce awo yana da tsada, kamfanoni ba sa sakin bayanansu, hanyoyin kuma ba su da aminci. Duk gaskiya ne, sai dai waya mai araha da ƙaramar manhaja sun isa su rubuta tsawon lokacin da ƙunshi ke ɗauka ya je ya dawo, kowace sa'a, tsawon zangon karatu guda. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da ɗalibai 'yan waɗannan garuruwa da ke komawa gida kowane hutu, kuma malaman da ke amincewa da taken kundi suna da ikon sharɗanta cewa alƙaluman da za a zuba wa ns-3 su fito daga turken Moriki, da rana da kuma dare, a ranar kasuwa da ranar da ba ta ci.