Kalandar Bana: Ga Gari, Ina Mutanensa?

Tun kafin shekara ta kama, kalandar nan ta shiga ko'ina a Sabo. Ka je shagon aski tana nan, ka zauna teburin mai shayi tana rataye a bayansa, har wajen 'yan canji mun gan ta. Wani kamfani ne ya raba ta kyauta. Hotuna 12 ne, duka na ƙauyukan tsaunuka da garuruwan bakin tafki a lokacin hunturu, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidaje, ruwa kwance kamar madubi. Mun ji samari na cewa, "Kai, wannan ai aljannar duniya ce!" To, mun zauna mun dube ta shafi-shafi, ga abin da muka gani.

Gaskiya dai masu hoton sun san aikinsu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mai farar babbar riga da tsakar rana ya san fari yana ruɗa kyamara: sai ta rage haske da kanta, rigar ta fito toka-toka. Haka dusar ƙanƙara take yi mata. Dole mai hoto ya ƙara hasken da hannunsa, kuma ya san inda zai tsaya, in ba haka ba farin ya ƙone, komai ya ɓace. A kalandar nan farin ya fito fari, amma kana ganin sawun kowane tudu. Sun kuma iya zaɓen lokaci. Yawancin hotunan jim kaɗan bayan faɗuwar rana aka ɗauke su, sama ta yi shuɗi, fitilun gidaje sun yi ruwan zinariya. Masu hoto na unguwarmu suna da abin koyo a nan.

Amma fa ku ƙirga da kanku. Hotuna 12, babu mutum ko ɗaya. Ba mai shara, ba ɗan makaranta, ba tsohuwa a bakin ƙofa. Nan ne muka raba gari da kalandar.

Ɗauki shafin Janairu. Wannan garin Halstat ne, a ƙasar Ostiriya, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1997. Mazaunansa ba su kai 800 ba, amma a ranakun cunkoso baƙi kan kai 10,000. Kusan kowa wuri guda yake nufa, wani lungu a arewacin garin inda hasumiyar coci da tafki da dutse ke shiga hoto tare. Daga nan aka ɗauki namu. Abin ya ishi mutanen gari, har a watan Mayun 2023 aka kafa shingen katako a wurin don tare masu hoto, kafin a cire shi bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na shekarar, mazauna suka fito suka tare hanyar ƙarƙashin dutse da motoci ke bi su shigo. Shirun da ke cikin hoton, masu garin ma nemansa suke yi.

Kuma me ya kafa garin? Gishiri. Dubban shekaru ana haƙarsa a dutsen da ke bayan gidajen, har yau ba a daina ba. Fili ya yi musu kaɗan, har ta kai a da sukan tono ƙasusuwa daga maƙabarta don a samu wurin binne wasu, su jera ƙoƙunan kai a wani ɗaki da sunayen masu su. Duk wannan babu alamarsa. In siffar gidaje kawai ake so, ai a 2012 wani kamfani ya gina kwafin garin sukutum a lardin Guwandon na ƙasar Sin. Hoton da ba zai bambance maka gari da kwafinsa ba, me ya faɗa maka?

Shafin Disamba ya fi ba mu haushi, don shi ne ya fi kyau. Ƙauyen Shirakawa ne a Japan, mai gidajen jinka masu tsini. Tsinin ba ado ba ne, an yi shi ne don nauyin ƙanƙara kada ya karya rufin. In jinka ta tsufa kuwa, makwabta ne ke taruwa su sake ta, gayya sak irin wadda iyayenmu suka sani. Da hoton gayyar nan aka sa, da dattijo a Sabo ya gane su nan take. Sai aka ba mu gida babu masu gida.

Mun san wannan ciwon. Sau nawa baƙo ke shigowa da kyamara gab da Babbar Sallah, ya ɗauki raguna da kwandunan goro, ya wuce ko sallama babu? Gobe ka ga hoton a Facebook, a ce wannan ce Sabo.

Ba mu ce a yage kalandar ba, a bar ta ta yi aikin ƙirga kwanaki. Amma samarinmu masu kallon ta suna lissafin tafiya, ku tuna hoto ba ya ɗaukar sanyi, ba ya ɗaukar kuɗin haya. Ku kuma masu kyamara, ku koyi sarrafa haske daga waɗannan mutane, amma in za ku ɗauki unguwarmu, ku yi sallama, ku nemi izini, ku sa masu gida a ciki.