Gidan ƙona gawa a dajin Sitokhom: abin da ginin ya iya da abin da ya ɓoye

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, a makon da muka kai babin jana'iza a karatun Risala, wani ɗalibi ya tsaya bayan an tashi, ya miƙo mana wayarsa. Hotunan wani wuri ne mai ciyawa shar, da tudu, da dogayen itatuwa, da gini mai ginshiƙai. Ya ce, Malam, wai nan ake ƙona mutane, to yaya aka yi wurin ya fi makabartarmu tsabta da kwanciyar hankali? Tambayar ta yi mana nauyi, domin da gaske yake, kuma amsar "ai haramun ne" ba za ta gamsar da shi ba. Ya riga ya san haramun ne. Abin da yake tambaya ginin ne, saboda haka ginin za mu duba.

Wurin yana kudancin birnin Sitokhom a ƙasar Suwidin, sunansa da harshensu yana nufin Makabartar Daji. A shekarar 1914 hukumar birnin ta sa gasar zana sabuwar makabarta, a 1915 wasu matasa biyu masu zanen gini, Gunnar Asplund da Sigurd Lewerentz, suka cinye gasar, dukkansu suna wajen shekara talatin. Filin da aka ba su tsofaffin ramukan ɗibar tsakuwa ne a cikin daji, faɗinsa yau ya kai kimanin hekta 100. Sun shafe shekara 25 ana aiki. Gidan ƙona gawar, wanda Asplund ya zana, an buɗe shi a 1940, kuma a cikin shekarar nan shi Asplund ɗin ya mutu, can aka kai shi. A 1994 UNESCO ta sa makabartar cikin wuraren tarihi na duniya.

Abu na farko da ya kamata mu faɗa, ko da bai yi mana daɗi ba, shi ne mutanen nan sun zauna sun yi tunanin mai makoki. Wanda ya shigo ta ƙofa ba ya fara cin karo da kabari ko ɗaya. Fili ne buɗaɗɗe yake hawa a hankali, sama a sarari, can gaba wani babban gicciye na dutse, daga dama kuma tudu mai 'yan itatuwa a kansa inda mutum zai je ya zauna shi kaɗai. Matakalar da ke hawa tudun, kowane taki yana ƙara gajarta yayin da ake yin sama, don kada wanda baƙin ciki ya riga ya gajiyar da shi ya isa yana haki. Wannan ƙaramin abu ne, amma duk wanda ya taɓa raka tsoho makabarta ya san darajarsa.

Akwai wata hanya miƙaƙƙiya da Lewerentz ya tsara, tsawonta mita 888, tana ratsa daji zuwa wani ɗakin addu'a da aka gama a 1925. Itatuwan farkon hanyar masu haske ne, da an matso kusa da ɗakin sai su koma masu duhu da cinkoso, wato zuciyar mai tafiya tana nutsewa tare da hanyar. In an gama addu'a ba a fita ta ƙofar da aka shigo. Wata ƙofa daban ce take fitar da mutane zuwa wani fili. Manufar a bayyane take: wanda ya rabu da nasa ba zai koma yadda ya zo ba, to kada a mayar da shi ta sawun da ya biyo.

Shi kuwa gidan ƙona gawar, ɗakunan addu'a uku gare shi a jere, babba ɗaya da ƙanana biyu. Kowanne da ɗakin jiransa da ɗan lambunsa, domin kada dangin wannan mamaci su yi karo da dangin wancan, waɗannan suna fita da hawaye waɗancan suna jiran layi. A gaban bencin da makusantan mamaci suke zama, an yi wa daɓen ƙasa zane, saboda an lura mai baƙin ciki ƙasa yake kallo, sai aka ba idonsa wurin sauka. Babban ɗakin kuma bangonsa na baya, na ƙarfe da gilashi, ana iya saukar da shi ya nutse cikin ƙasa gaba ɗaya, jama'a su fito kai tsaye zuwa rumfar ginshiƙai, gabansu ga tafki ga tudu ga sarari. Can cikin daji kuma duwatsun kaburbura ƙanana ne gajeru, itatuwa sun rinjaye su, babu wanda ya gina wa mahaifinsa soro don ya fi na maƙwabci. A nan kam sun zo kusa da abin da malamanmu suke karantarwa na ƙin gini a kan kabari da ƙin alfahari da shi.

To, ina matsalar take?

Ku sake duba hotunan, ku nemo wutar. Ba za ku gan ta ba. Sunan ginin gidan ƙona gawa, amma duk gwanintar mai zanen ta tafi ne wajen kawar da ido daga ƙonawar. Murahun can baya aka sa su a lokacin, a inda ma'aikata kaɗai suke shiga. Dangi suna yin bankwana da akwati a ɗaki mai kyau, su ajiye fure, su fita ta bangon nan da ya buɗe, su tafi gida. Ƙonawar sai daga baya, sau da yawa bayan kwanaki, babu ɗa babu ƙane a wurin. Ga abin da ake yi a can bayan: ana sa akwatin a murhu mai zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1000, a ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Wuta ba ta cinye ƙashi duka, saboda haka abin da ya saura ana zuba shi a na'ura ta niƙe shi. Abin da ake miƙa wa dangi a tulu da sunan toka, wanda nauyinsa bai wuce kilo biyu zuwa uku ba, mafi yawansa niƙaƙƙen ƙashi ne. Ɗalibanmu sun san hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye, ba sai mun tsawaita ba.

Hukuncinmu a kan ginin ke nan: ya yi wa rayayye hidima iyakar hidima, amma ya raba shi da mamacinsa a daidai lokacin da ya fi kamata su kasance tare. Ku kwatanta da abin da kowannenmu ya sani. Mu muke wanke namu, mu sa shi a likkafani, mu ɗauki makara a kafaɗa ana karɓa-karɓa. Ɗansa ko ɗan'uwansa ne yake shiga rami ya karɓe shi, ya kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace, a liƙe da laka, kowa ya sa hannu ya tura ƙasa. Mutum yana komawa gida da ƙasar kabarin a farcensa. Babu wani ɗakin baya. Abin da ido ya gani shi zuciya take yarda da shi, shi ya sa wanda ya binne nasa da hannunsa ba ya kwana yana tambayar me aka yi da shi bayan na tafi. Alƙur'ani ma a Suratul Ma'ida ya ba mu labarin hankakan da ya tona ƙasa ya nuna wa ɗan Adamu yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa, kun ga darasin farko a kan mutuwa aikin hannu ne.

Kada a ce mun yi musu ƙazafi, su ma sun ji wannan giɓin. A 2013 an gama sabon gidan ƙona gawa a cikin makabartar, na jan bulo, wanda Johan Celsing ya zana, kuma a cikinsa an ware ɗaki domin dangin da suke so su halarci ƙonawar, kamar mabiya addinin Hindu waɗanda a wurinsu ɗa ne yake kunna wutar mahaifinsa. Mu ba mu yarda da ƙonawar ba ko an halarta ko ba a halarta ba, amma ta fuskar gini, wanda ya bar mutum ya ga abin da ake yi ya fi gaskiya a kan wanda ya rufe masa ido da furanni.

Sai maganar tunawa. A 1961 an buɗe wani tudu a makabartar wanda suke kira dajin tunawa. A nan ake zuba toka ko a binne ta ba suna, ba alama, kuma dangi ba sa nan lokacin da ake yi, ba su san takamaiman wurin ba. Akwai wuri guda da kowa yake ajiye fure da kyandir. Ɗalibin namu ya ce, ai Malam, a Baƙi'a ta Madina ma babu sunaye. Gaskiya ne, kuma ya kyauta da ya lura. Amma bambancin shi ne a Baƙi'a, da a makabartar unguwarmu, mutum yana kwance a wuri ɗaya sananne ga waɗanda suka sa shi, za su iya tsayawa a kansa su yi sallama su yi addu'a. Rashin suna a wurinmu tawali'u ne a kan kabarin da yake akwai. A can kabarin ne babu. A ƙasar da kusan takwas cikin kowane mutum goma ƙona su ake yi, dole mai zanen gini ya ƙirƙiro wa mutane inda za su tsaya, sai ya ba su tudu da itace da ruwa a madadin kabari. Ya yi ƙoƙari, tudun yana da kyau, amma madadi ne.

A Balin ta Jamus akwai wani da aka gama a ƙarshen shekarun 1990, zanen Axel Schultes da Charlotte Frank. Zaure ne babba na kankare mai ginshiƙai 29, haske yana zubowa ta saman kowane ginshiƙi, ga ɗan tafki a tsakiya. Wanda ya saba da masallatai masu yawan ginshiƙai zai ji wani abu ya motsa masa in ya ga hoton. Sai dai zauren ba ya fuskantar ko'ina, ba alƙibla ba mihrabi, an yi shi don mai kowane addini da marar addini, kuma injinan suna ƙarƙashin ƙafar masu makoki. Ciwon ɗaya ne da na Sitokhom, sai dai nan ya fi sanyi.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wannan, tunda ba a ƙona gawa a garinmu? 'Ya'yanmu suna Turai suna karatu da neman abinci, wasu can ajali yake samunsu, kuma wanda bai bar wasiyya ba bai kuma san jama'ar masallaci ba, wasu ne za su yanke hukunci a kan gawarsa. Ba mu manta ba kuma da Siri Lanka, inda a 2020 gwamnati ta tilasta ƙona waɗanda korona ta kashe har da Musulmi, ba a janye dokar ba sai a watan Fabrairun 2021, daga baya a 2024 gwamnatin ta nemi gafara. A ita Makabartar Dajin kanta akwai sashen Musulmi, inda ake binnewa a ƙasa ana fuskantar da mamaci alƙibla, a ƙarƙashin itatuwan nan dai.

Yanzu mu dawo kan rabin tambayar yaron da ba mu amsa ba, wato me ya sa tasu ta fi tamu tsabta. A nan ba mu da hujja. Shari'a ta hana mu gina ƙubba a kan kabari, ba ta hana mu dasa dalbejiya a bakin hanya ba. Ta hana taka kabari da zama a kansa, amma mu ne muke binnewa ba layi ba tsari, har mai ɗauke da makara ba shi da inda zai sa ƙafa sai a kan wani. Katanga ta faɗi shekara da shekaru, awaki suna kiwo, leda ta rufe ko'ina, da damina ruwa ya zaizaye kaburbura. Dattijo ya raka amininsa da azahar a watan zafi, babu inuwar da zai tsaya, babu dakalin da zai zauna, babu randar ruwa, masu haƙa ma daga nesa suke ɗebo ruwan kwaɓa laka. Waɗancan mutanen sun yi shekara 25 suna tunanin tsawon takin matakala saboda mai baƙin ciki. Mu da muke da umarnin ziyarar kaburbura don tuna lahira, mun bar wurin yadda mai ziyara yake gaggawar fita.

Mun miƙa wa kwamitin makabarta buƙatu huɗu: a fitar da hanya ta tsakiya mai faɗin da mutum huɗu masu ɗauke da makara za su wuce, a ja layukan binnewa tun kafin a cike sabon ɓangaren, a yi rumfa da dakali daga waje kusa da ƙofa, a ajiye tankin ruwa. Itatuwa kuma ɗaliban aji na sama sun ce su za su dasa a gefen hanya in damina ta sauka, nesa da ramuka saboda saiwa. Wanda yake da bulo ko siminti ko kwano ya sami ladan bayan sallar Juma'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haskaka kaburburansu. Wallahu a'alamu.